Wasiƙa Daga Lesta: Ni Da Nama Mun Raba Gari



'Yan uwa da abokan arziki na gida da na waje, barkanmu da war haka. Da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya kuma haƙuri da mu. Mu ma nan Lesta lafiya lau, sai dai sanyi da ya kankama, ga rana tun wajen ƙarfe huɗu take neman faɗuwa, kafin ka idar da La'asar da kyau an kira Magariba.

Na samu labari cewa zance ya riga ni isa gida, wai na daina cin nama. Wasu sun ce wani ciwo nake ɓoyewa, wasu sun ce tsadar rayuwar Ingila ce ta kai ni ga haka, Goggo kuwa cewa ta yi a binciki irin mutanen da nake zama da su, kada a je wani addini aka sa ni. To tun da in Allah ya kai mu zan zo bikin ƙanwarmu bayan ƙaramar Sallah, gara in yi bayani tun yanzu, kada in zo a kawo mini kwano in mayar, wani ya ɗauka raini ne.

Gaskiya ne, tun 2022 ban ci nama ba. Ban ci kifi ba, ban ci ƙwai ba, ban sha nono ba, man shanu ma na bar shi. Dalili kuwa shi ne, a shekarar aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau, kuma kitse ya yi yawa a cikinsa. Duk kun san abin da ya kwantar da Baba, Allah ya jiƙansa, kun kuma san shekarun da yake da su lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye. Ni yanzu saura kaɗan in kai waɗannan shekaru, ga yara uku da babbar cikinsu ba ta gama sakandare ba. Likita bai ce in daina gaba ɗaya ba, cewa ya yi in rage jan nama da mai da gishiri, in riƙa tafiya a ƙasa. Ni ne na san halina. Duk wanda ya taɓa zama da ni gaban mai tsire ya san ban san wani abu wai shi ɗan kaɗan ba, don haka na ga yankewa baki ɗaya ya fi mini sauƙi a kan lissafin tsoka. Alhamdu lillahi awon da aka yi daga baya ya yi kyau, ko da yake har yanzu ina shan ƙwaya ɗaya ta hawan jini kullum da safe. Ina kuma shan bitamin B12, domin shi daga abincin dabba ake samunsa, wanda ya bar nama da nono dole ya nemi madadi, in ba haka ba jini ya ragu, jijiyoyi su samu matsala. Wannan shawarar hukumar lafiya ta ƙasar nan ce, ba tawa ba.

Turawa suna da suna ga mai irin wannan ci, suna ce masa bigan. Abin mamaki ma, daga wannan gari namu kalmar ta fito. Wani malamin koyar da aikin kafinta mai suna Donald Watson, yana zaune a Lesta, shi ne a watan Nuwamba 1944 ya haɗu da wasu 'yan tsiraru suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba. Sai suka gutsuro farko da ƙarshen kalmar da Turawa ke kiran wanda ba ya cin nama, suka haɗa ta zama sunansu. Mutumin ya rasu a 2005 yana da shekara 95. Abin ya yi ta yaɗuwa, har a 2014 aka fara wani yayi na ƙaurace wa nama a duk watan Janairu, a 2019 kuma shagunan Greggs, masu sayar da abincin tsaye a kusan kowane titi, suka fito da naɗin fulawa mai naman bogi, jaridu suka yi ta cece-kuce kamar an yi juyin mulki. A Janairun 2020 ma wata kotun ma'aikata a garin Norwich ta yanke cewa wanda ya riƙi wannan hanya saboda tausayin dabbobi, aƙidarsa tana da kariyar doka a wurin aiki.

Da jin wannan za ku ce ai a ƙasar da ta dace nake. A cikin gida haka ne, babu wata wahala. Uwargida ta ɗan yi mita a farko, amma da ta zauna ta lissafa sai ta ga rabin abin da muka tashi da shi dama babu nama a ciki. Wahalar tana farawa ne da zarar an ce a fita a ci abinci da mutane.

Bari in fara da wurin aiki. Al'adar mutanen nan ce duk ƙarshen shekara, ko in wani zai bar aiki, a haɗu a je gidan abinci. Tun kafin ranar ake zagayawa da takarda kowa ya zaɓi abin da zai ci. Sauran mutane suna da zaɓi biyar ko shida, ni nawa ɗaya ne, kuma sau da yawa shinkafa ce da aka dama da naman kaza, wato wannan lemar kwaɗi da ke fitowa da damina. To a nan Musulmi yake da ƙarin aiki, domin abu ya zama babu dabba a ciki ba shi ne ya zama halal ba. Irin wannan shinkafa ta Italiyawa da giya ake tayar da ita, miya da yawa ma haka, wani ƙullin suya kuma da barasa ake kwaɓa shi. Ke nan tambayata biyu ce a kullum, ta nama da ta giya, mai kawo abinci ya je kicin ya dawo, ya sake komawa ya dawo, mutum goma sha biyu suna zaune da yunwa suna jirana. Babu wanda zai ce maka komai, Bature ba ya faɗa a fuska, sai dai ka ga ana duba agogo.

Akwai dokar da take taimakona, amma rabi. Tun Disambar 2014 dole ne kowane gidan abinci ya iya gaya maka ko akwai ɗaya daga abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, kuma madara da ƙwai da kifi suna cikin jerin. In na tambayi waɗannan, nan take ake ɗauko takarda a nuna mini. Nama kuwa ba ya cikin jerin, don haka ko da romon kaza aka dafa miyar ganye, babu takardar da za ta nuna, sai dai ka dogara da gaskiyar mai girki. Ko soyayyen dankalin da nake gudu gare shi in komai ya ƙi, a arewacin Ingila akwai shagunan da har gobe da kitsen shanu suke soya shi, kuma alfahari suke da hakan.

Sai a zo biyan kuɗi. Nan ba kamar gida ba ne da babba zai ciro ya biya wa kowa. Haɗa kuɗin ake yi a raba daidai. Ni na ci dankali da ganye na sha ruwa, na kusa da ni ya ci cinyar rago ya kora da abin da ya kora, a ƙarshe a ce kowa ya kawo fam talatin da biyar. Ban da cutar da ke ciki, ga kuɗina ya shiga na giyar wani. Yanzu tun kafin a zauna nake gaya wa mai shirya taron cewa nawa daban za a rubuta, kuma na lura in ka faɗa da wuri, da fara'a, ba ya zama abin magana.

Abin da ya fi gajiyar da ni a irin wannan zama shi ne tambaya. Da zarar an ga farantina, hirar tebur ta dawo kaina. Wani ya ce daga ina kake samun ƙarfi, wani ya fara ba ni haƙuri don yana cin nama a gabana, wani kuma ya kama kare kansa da cewa shi ma ai ya rage, alhali ban ce masa uffan ba. Akwai wanda ya taɓa ce mini bai san 'yan Afirka ma suna wannan abu ba. Na ce masa a garinmu akwai gidajen da sai Sallah zuwa Sallah suke ganin nama, kuma ba su san suna da wani suna ba.

Su ma masu aƙidar ba su ɗauke ni nasu ba. Wata abokiyar aikinmu da ta shekara ashirin a kai ta yi murna sosai da ta ji labarina, har ta ga takalmin fatar da na sayo a Kurmi, ta kuma ji ina shan zuma, ta kuma ji cewa duk shekara ina aika kuɗin ragon layya gida. Tun daga nan gaisuwarmu ta ragu. Ita a wurinta yanka dabba zalunci ne, ni kuwa a wurina halal ne da na bari don lafiyata. Faranti ɗaya muke ci a wurin taro, amma ba hanya ɗaya ta kawo mu ba.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da zama cikin 'yan uwa. Bature in ka ce ba ka ci, zai ɗaga kafaɗa ya ci gaba da nasa. Mu kuwa nama ba abinci ne kawai ba a wurinmu, da shi muke auna girman baƙo. Ba banza aka ce tuwon girma miyarsa nama ba. In baƙo ya sauka, kaza ce take fara sanin ya zo. Muna yara ba ma taɓa tsoka sai an gama tuwo babba ya raba, kuma kowa a cikinmu yana tune da wadda Hajiya take ɓoye wa wanda ya yi zazzaɓi. To mutumin da ya tashi a haka, ya zo ƙasar da aiki ba ya barin kowa ya ga kowa, ya samu ranar Asabar guda ya gayyace ka, matarsa ta kwana tana farfesun kayan ciki da dambun nama, sai ka zauna ka ce a ba ka shinkafa da mai da yaji. Ko me ka faɗa bayan nan, abin da ta ji shi ne ka ƙi girkinta.

Haka ta faru da ni a wani suna da aka yi a Bamingam. Mai gidan ya girme ni, tare muka sha wahalar shekarun farko a ƙasar nan, da hannunsa ya zaɓo mini wuri mai kyau a jikin ragon sunan ya ɗora mini a faranti a gaban mutane. Na yi godiya, na ce masa ina kan magani, na tura wa na kusa da ni. Bai ce komai ba, amma ya yi wata biyu bai kira ni ba. Sai da na tuƙa mota na je har gida, muka zauna na ba shi labarin awon asibiti da na Baba, sannan ya saki. Ya ce shi a zatonsa na zama Bature ne, na fara ƙyamar abincinmu.

Abokan majalisa kuwa sai tsiya. Muna da al'ada duk wata mu haɗu a wani gidan abinci na Somaliyawa ko na Turkawa, a kawo babban tire na shinkafa da gasasshen nama a sa a tsakiya, kowa ya sa hannu. Yanzu ni ana kawo mini ɗan kwanona daban a gefe kamar mai jinya. Sun sa mini suna Zomo, in mai kawo abinci ya zo sai wani ya ce a yanko wa Alhaji ciyawa. Ina dariya tare da su, amma ba zan ɓoye muku ba, cire hannu daga tire ɗaya yana da ciwo, domin rabin daɗin zaman dama a haɗa hannun yake. Na kuma lura an yi fita biyu ko uku ba a gaya mini ba. Da na yi magana sai aka ce ai wurin gashi ne zalla, an ga babu abin da zan ci. Na gaya musu su riƙa kirana ko shayi ne in sha, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gidajen abincin 'yan Najeriya ma, da mutum zai zata can ne mafita, sun fi ko'ina wuya. Dafa-dukan da romon kaza ake yin ta, miyar agushi da ganda da busasshen kifi, alalen da ƙwai a ciki, kuma kusan babu tukunyar da ba a barbaɗa mata garin jatan lande ba. In ka ce ba ka cin nama, sai uwar ta ce babu damuwa, ta sa cokali ta tsame tsokar ta miƙo maka miyar. A wurinta ta gama maka komai.

Sai maganar addini, wadda na san ita ce ta fi damun Goggo da Kawu. Wani dattijo a masallacinmu ya tare ni ya ce in ji tsoron Allah, kada in haramta abin da Allah ya halatta. Na ce masa ban haramta ba, kuma ba zan taɓa cewa haram ne ba. 'Ya'yana suna ci, da kuɗina ake sayo musu, layyata ba ta taɓa tsallake shekara ba. Da na kai maganar wurin limaminmu, sai ya tuna mini cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo bai ci ba, da aka tambaye shi ko haram ne ya nuna ba haram ba ne, shi dai ransa bai karɓe shi ba, Khalid bin Walid kuma ya ci a gabansa. Liman ya ce barin abu don lafiya ko don rai bai so ba daban, ɗaukar barin a matsayin ibada ko hukunci daban. A kan wannan na tsaya. Don haka Goggo ki kwantar da hankalinki, alƙiblata ba ta sauya ba.

Ba kullum ake shan wuya ba, akwai inda nake hutawa. Lesta tana da ɗimbin Indiyawa 'yan Gujarat, da yawansu sun zo ne a 1972 lokacin da Idi Amin ya kore su daga Yuganda, kuma titin Belgrave cike yake da gidajen abincinsu da nama ba ya shiga ko kaɗan. Can tambayata ɗaya ce, ko an sa man shanu ko nono, domin suna son su kamar Fulani. Mutanen kudancin Indiya kuma suna da wani abu da suke kira dosa, ƙullin shinkafa da wake ne da aka bari ya kwana ya yi tsami, in ka ci sai ka rantse sinasir ne aka yi shi da faɗi. Wurin Larabawa akwai falafel, wanda ƙanin ƙosai ne, da ful irin wanda alhazai suka sani a Makka. In na je Landan kuwa gidan Habashawa nake nema, domin Kiristocinsu suna azumin barin nama da nono da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a da wasu lokuta masu tsawo a shekara, saboda haka abincin azumi yana cikin jerin abincinsu kullum. Ka ce na azumi kake so, babu wanda zai ɗaga gira.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne shagunan masu kula da lafiya. Za ka ga zogale an niƙa an zuba a 'yar kwalba da tsadar da za ta sayi buhu a Dawanau. Garin 'ya'yan kuka da muke tsotsa muna yara, sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin sabon abinci. Awarar da 'yan mata ke soyawa a bakin layi da yamma, ita ce tofu da ake yanka wa mutum huɗu a faranti a karɓi kuɗin kaza. Garin gero kuma a shagon Indiyawa nake samu, suna ce masa bajri, da shi uwargida take mini fura, a dama da kindirmon waken suya. Ba zan ce ta kai ta Fulanin bakin kasuwa ba, amma tana kashe ƙishi.

Wannan ya ba ni dabarar da ta gyara mini zumunci fiye da duk wani bayani. Na daina jira a gayyace ni, ni nake gayyata. Ranar da na tara abokan majalisa a gida, ɗan wake aka yi da mai da yaji, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da waina da miyar taushe, da kunun tsamiya. Ga kaza an soya musu a gefe don kada a ce na yi rowa. Ɗan waken ne ya fara ƙarewa, wani har yana cewa rabonsa da shi tun yana makarantar kwana. In kuma ni aka gayyata, tun kwana biyu kafin ranar nake sa uwargida ta kira matar gidan su yi magana ta mata, ta ce kada a wahala, garau-garau ya ishe shi. In an ji tun da wuri, ba ya zama ƙin karɓa a gaban jama'a.

Shi ya sa nake rubuto muku tun yanzu. Hajiya, don Allah kada a kama ko kaza ɗaya da sunana, in an yanka a yanka don baƙi da yara. Abin da nake marmari a hannunki tuwon dawa ne da miyar kuka, a sa daddawa da kyau, a ɗebar mini nawa kafin a zuba nama da man shanu, gishiri da magi kuma a sassauta. Inna, kwaɗon ramarki na shekara nawa ina ba yara labarinsa. Yaya, na san ka riga ka yi wa mai balangun bakin titi alkawarin za ka kawo ni, mu je ɗin, zan zauna tare da ku in ci gurasa da ƙuli. Surukaina kuma a taya ni kai musu wannan bayani kafin in iso, da bakin babba zai fi shiga. Masu niyyar haɗa mini ƙullin kilishi na dawowa su bari, dama dokar ƙasar nan ta hana shigo da nama daga ƙasashe irin namu, a filin jirgi ake karɓewa. A ba ni kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, zan yi godiya.

Kuma duk wanda ya haura arba'in a gidanmu, mace ko namiji, ya daure ya je a auna jininsa. Ban ce kowa ya bar nama ba, wannan tsakaninsa da likitansa ne, amma ciwon nan ba ya sallama kafin ya shigo, kuma mun riga mun ga aikinsa a gida.

A gaida Kawu da mutanen gidansa, a gaida Goggo da jiki, a gaida amarya a ce mata saƙonta yana nan an saya. Uwargida da yara suna gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Naku,
Ɗan'uwanku a Lesta